Wa ya ce ba wanda zai yi asarar ko kwabo?

Assalamu alaikum Edita,

Baƙon da kuka gayyato a shirin ranar Asabar ya ce duk nakasasshen da aka mayar kan Universal Credit, wato sabon tsarin tallafin gwamnati a nan Birtaniya, ba zai yi asarar ko kwabo ba, mai gabatarwa kuma ya amsa masa da to, ya wuce gaba. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙanena yana fama da shanyewar ɓarin jiki, shi kaɗai yake zaune. A tsohon tsari akwai ƙarin da ake ba masu tsananin nakasa irinsa, sabon tsarin kuwa ba shi da wannan ƙarin sam. Da takarda ta zo aka ba shi wata uku ya koma, sai aka ɗora masa kuɗin ciko don abin da yake karɓa ya yi daidai da na da. Iyakar abin da baƙonku ya faɗa ke nan. Bai gaya wa masu sauraro cewa cikon nan zaizayewa yake yi ba. Afrilu ya zo an ƙara wa kowa kuɗi, shi sai a zare daidai wannan ƙarin daga cikonsa. Mai gida ya ƙara haya, tallafin haya ya ɗaga, nan ma a zare. Kuɗin gas da na wuta suna hawa, nasa yana tsaye wuri ɗaya. Mutumin da sanyi ke ƙara sandare masa hannu, yanzu sai na je na tarar ya kashe na'urar ɗumama ɗaki ya lulluɓa da bargo biyu. Wannan ba asara ba ce?

Kuma ba duk masu tsananin nakasa ne suka samu cikon cikin sauƙi ba. A 2018 sai da wasu nakasassu biyu suka kai gwamnati Babbar Kotu, bayan ƙaura zuwa wata ƙaramar hukuma ta jefa su sabon tsarin, kuɗinsu ya ragu da kusan fam 180 a wata. Kotu ta ce an nuna musu bambanci. A 2025 ma sai da 'yan majalisar Leba suka yi wa gwamnatin Keir Starmer bore kafin ta janye tsauraran sharuɗɗan da ta so sanya wa PIP, wato wani tallafi na daban da ake ba nakasassu, amma dokar da ta wuce ta rage kusan rabin kason rashin lafiya na Universal Credit ga yawancin sababbin masu nema daga Afrilun 2026. Ko ɗaya ba a tambayi baƙon ba.

Ku kawo wanda abin ya shafa, ko mai jinyarsa, ya zauna gaban wannan baƙon.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin muryar masu kiran waya. Mahaifiyata kunnenta ya yi nauyi, rabin maganar ba ta ji.

Naku mai saurare,
daga Manchesta