Tunatarwa kan maganin ruwa na yara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambayoyi sun yawaita a rukunin nan kan amoksisilin na ruwa da ake ba yara, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, shi ya sa na ce bari in ɗan yi bayani.

Likita ne ke rubuta shi, kuma da nauyin yaro ake auna adadin, don haka kar a ba ƙani ragowar na yayansa. Mura da yawancin tari ba aikinsa ba ne.

Idan garin ne a kwalba, a tafasa ruwa ya huce, a zuba daidai layin da ke jikin kwalbar, a girgiza sosai kafin kowane sha. A auna da sirinji ko ɗan kofin da ya zo da shi. Cokalin shayi kowa da girman nasa. Sau uku a rana yana nufin duk bayan awa 8.

Augmentin, wato amoksisilin da aka haɗa da wani magani, shi kam sai firiji bayan an zuba masa ruwa, kuma a zubar bayan kwana 7. Inda wuta ba ta tsayawa, a faɗa wa mai kemis tun a wurin saye.

Ko zazzaɓi ya sauka, a cika kwanakin da aka rubuta. In kuka ga ƙuraje, kumburin fuska ko numfashi na sarƙewa, a dakatar, a garzaya asibiti.