Wasiƙa zuwa ga aminina a kan rasuwar Koci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanenmu na Agege, na rubuto ne domin in sanar da kai abin da na kasa faɗa maka da baki, duk da cewa sau biyu ina ɗauko waya ina mayar da ita aljihu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Koci rasuwa ranar Talatar makon jiya da asuba. Hawan jinin da ya daɗe yana fama da shi ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya kwana huɗu a asibiti, sannan rai ya yi halinsa. An yi masa sallah a ƙofar gidansa da hantsi, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Ɗandolo. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Da ka ga jama'ar da ta taru, da ka san cewa ba mu kaɗai ya raina ba. Akwai malaman makaranta, da 'yan sanda, da masu adaidaita sahu da suka jera baburansu har bakin titi, da 'yan kasuwar Kantin Kwari da suka bar shagunansu a rufe, ga kuma yaran da yake horarwa yanzu, waɗanda wasunsu ba su kai shekara 12 ba. Makararsa ba ta daɗe a kafaɗar kowa ba, domin kowa yana son ya samu ladan ɗaukarsa ko da taku biyar ne. Golanmu ya zo daga Zariya, ya yi furfura, kuma shi ne ya shiga kabari tare da babban ɗan marigayin.

Tun daga ranar nake ta tuna shagonsa. Ka tuna yadda yakan ture ɗinkin mutane gefe idan gasar unguwanni ta matso, ya zauna a kan kekensa har tsakar dare yana ɗinka lambobi a bayan singiletin da ya sayo da kuɗinsa, lamba tara taka ita ce ya warware har sau biyu saboda ta karkace. Ƙwallo ɗaya muke da ita a wancan lokacin, kuma duk sa'ad da ta fashe shi ne yake ɗinke ta da basilla da zare mai kakin zuma, ya aika a aro famfon mai gyaran keke. Usur ɗinsa da ke rataye a igiyar takalmi yana nan, na gan shi a jikin ƙusa a zauren gidan ranar sadakar uku, kuma ganinsa ya fi komai karya mini zuciya.

Shi mutum ne da ya ga Raccah Rovers da idonsa lokacin da suka ɗauki kofin gasar ƙasa a 1978, ya kuma ga Kano Pillars ta ɗauka a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, amma ban taɓa jin ya yi wa yaro alkawarin zuwa Turai ba. Ko lokacin da Ahmed Musa ya tashi daga Pillars ya tafi waje, kowane yaro a filin ya fara mafarkin jirgi, abin da Koci ya yi shi ne ya ƙara tsananta dokar littafinsa. Ka san littafin, mai baƙin bango, wanda yake rubuta sunan kowa da ajinsa da sunan mahaifinsa. Wanda bai kawo sakamakon jarrabawa ba, ba zai taɓa ƙwallo ba, kuma da an kira magariba usur zai tashi ko da an ajiye ƙwallo za a buga fenareti. A lokacin muna ganin takura ce. Yau idan na ƙirga waɗanda suka fito daga filin nan suka riƙe gidajensu, ina ganin a littafin nan ne ya yi babban aikinsa.

Abin da na fi so ka sani shi ne wanda maiɗakinsa Hajiya ta faɗa mana da muka shiga yi mata gaisuwa. Ta ce a shekarun da suka yi tare ba ta taɓa auna tuwon dare daidai da mutanen gidan ba, domin ba ta san yara nawa zai shigo da su daga fili ba. Mu muna cikin waɗanda suka ci tuwon. A tsakar gidan nan muka kalli wasan Najeriya da Brazil na gasar Olympics ta Atlanta a 1996, ana cin mu uku da ɗaya, kai ka tashi za ka tafi gida ya riƙo hannunka ya zaunar da kai, har Kanu ya farke ya kuma ci ta huɗu. Duk wannan hidimar ba ta hana shi 'ya'yan cikinsa ba. Shi yake kai su makaranta a kan babur kafin ya buɗe shago, shi yake sauraron haddarsu bayan isha'i, kuma ka tuna ranar wasan ƙarshe da ya ajiye ɗansa a benci saboda ya tsallake Islamiyya, alhali kuwa shi ne ya fi kowa iya cin ƙwallo a cikinmu. Muka sha kashi, bai nuna ko a fuska ba, da daddare kuma aka ga uba da ɗa a wurin mai shayi suna hira.

Damuwata yanzu ita ce filin. Jiya da la'asar na bi ta wurin, na tarar da yara kusan ashirin zaune a gindin darbejiyar nan, ga ƙwallo a gabansu, babu wanda ya taɓa ta. Ka kuma san an daɗe ana sa wa filin ido, kuma kwarjininsa ne da zuwan da yake yi wurin mai unguwa suka hana a yanka shi a yi shaguna. Na yi magana da babban ɗansa da golanmu, mun yarda cewa ni zan riƙa zuwa Asabar da Lahadi, ɗan kuma ya riƙe sauran ranaku idan aiki ya bar shi. Akwai kuma 'yar autarsa da take ajin ƙarshe a sakandare, wadda marigayin ya riga ya fara tara mata kuɗin jarrabawa, kuma muna son mu da ya raina mu ɗauke wa Hajiya wannan nauyin kafin ta fita takaba.

Ina roƙonka ka kira Hajiya ka yi mata gaisuwa da kanka, domin ta tambaye ka har sau biyu. Idan da hali ka zo sadakar arba'in, a nan ne muke so mu zauna mu duka mu tsayar da magana a kan filin da karatun yarinyar. Ka taho da hoton nan na ƙungiyarmu idan yana wurinka, wanda Koci yake tsaye a gefe da hularsa a hannu, domin iyalinsa ba su da irinsa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Wassalam,
Amininka, daga Kano.