Ku tuna mana da Gimbiya Diana

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan Gimbiya Diana ta Ingila, don na lura duk lokacin da aka ambace ta sai a koma kan rigimar aurenta da Charles da haɗarin motar da ya ci ta a Paris ranar 31 ga Agusta 1997, aikin da ta yi kuma shiru kake ji.

Matar nan fa a 1990 ta zo har Maiduguri, ta shiga asibitin kutare na Molai ta riƙa kama hannun marasa lafiya ba safar hannu ba komai, a lokacin da ko danginsu wasu gudunsu suke yi. Haka ta yi wa masu cutar ƙanjamau a Landan a 1987. A Janairun 1997 kuma ta je Huambo a Angola, ta sa rigar sulke da garkuwar fuska ta taka filin da ake tonon nakiyoyi, ta zauna da yaran da nakiya ta cire wa ƙafa, wasu 'yan siyasar ƙasarta har suka ce ta yi shisshigi. Bayan rasuwarta, a Disamban shekarar aka sa hannu kan yarjejeniyar Ottawa ta haramta nakiyoyin da ake binnewa don halaka mutane.

Yau a Borno yaranmu suna taka irin waɗannan abubuwa a gona da hanyar itace, wallahi abin yana ci min rai. Ku turo wakilinku ya zo ya ji daga bakin iyayensu.

Naku, mai karatu daga Maiduguri.