Wasiƙa zuwa Fatakwal kan famfon ruwan mota

Unguwar Yalwa, Bauchi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai cewa mutanen gida duk suna nan ƙalau, Hajiya ma ta ce a gaishe ka.

Dalilin rubuto wannan wasiƙa shi ne BMW 325i ɗin nan da ka bar mini amanarta. An sa wa silinda shida ɗin sababbin ringi, an daidaita fuskar kan injin, an kuma ɗaura sabon gasket. Abin da ya rage shi ne famfon ruwa, wanda makanikai ke ce wa wata-fam, kuma a nan ne na saɓa wa umarninka na a sayo na lantarki. Ina roƙon ka ji hujjata kafin ka yi fushi.

Famfon lantarki yana da amfaninsa, domin yana tura ruwa ba tare da la'akari da gudun inji ba, kuma ana iya barinsa ya ci gaba da juya ruwan bayan an kashe mota. Sai dai rayuwarsa ta rataya ne a kan batir da waya, ga shi injin motarka, wato M50, an ƙera shi ne domin famfon da fambel ke juyawa, wanda fanka ma a jikinsa take ɗaure. Idan waya ɗaya ta tsinke maka tsakanin Toro da Jos, kana tsakiyar hawa, ban san wanda zai gyara maka shi a bakin hanya ba.

Wani mai sayar da kayan gyara ya so ya sayar mini da ƙaramin fuli, wato faifan da fambel ke hawa ya juya famfo, wai domin famfon ya riƙa gudu fiye da ƙima. Na ƙi. Idan farfelar famfo, wato fikafikan da ke tura ruwa a cikinsa, ta cika sauri, matsin ruwan da ke mashigarta yakan faɗi har ya riƙa tsirar da kumfar tururi, ko da kuwa zafin bai kai na tafasa ba. Farfelar sai ta koma dukan kumfa maimakon tura ruwa, kumfar kuma tana fashewa tana ƙwaƙule ƙarfen kamar gara ta ci itace. Kai da na san ƙafarka ba ta ɗaguwa daga totur sai allurar juyin inji ta haura 6,000, wannan matsala ta fi kusa da kai fiye da kowa.

Batun farfela shi ne wanda na fi daɗewa ina nazari a kansa. Famfunan farko na wannan inji masu farfelar roba ne, kuma an san cewa idan sun tsufa robar takan tsage ko ta saki sandar, sai sandar ta yi ta juyawa ita kaɗai, inji ya ɗau zafi alhali lagireto cike yake da ruwa. Saboda haka na aika Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano aka kawo mai farfelar ƙarfe, sabo fil, ban yarda da na Beljiyom ba. Na juya shi da hannu na ji boris ɗin babu ƙara babu girgiɗi, na kuma duba 'yar kafar da ke ƙasansa, wadda ta nan ruwa ke fara ɗiga idan sil ya mutu. Da yake ƙarfe ya fi roba nauyi, dole boris ɗin ya zama nagari, shi ya sa ban bi araha ba.

Fankar ma na sa a canza ta tare da kulocinta, domin na ga tsaga a gindin fiffike ɗaya, kuma fanka mai rangaji ita ce ke kashe boris ɗin sabon famfo. Na ja kunnen yaran gareji cewa notinta mai lamba 32 baibai yake kwancewa, kada su sa ƙarfi su lalata zaren.

Mun ɗan yi musu da bakanike kan tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi. Ya so ya cire ta kamar yadda aka saba, yana cewa zafin Bauchi a watan Maris da Afirilu ya ishi kowane inji. Na dage aka sa sabuwa, tare da sabon murfi mai riƙe matsi, domin matsin ne ke ɗaga ma'aunin da ruwa ke tafasa. Ruwan rijiya kuwa na hana a zuba. Rabi kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, rabi tataccen ruwa za a sa, a kuma fitar da iska sosai kafin a rufe.

Ranar Asabar, in Allah ya yarda, zan fita da ita hanyar Dass in dawo, sannan in bar ta tana aiki a tsaye a Wunti da tsakar rana in ga inda allurar zafi za ta tsaya. Rasit ɗin kayan yana wurina, ragowar kuɗinka kuma ka faɗa mini ko in riƙe saboda tiyon lagireto, domin na sama ya fara taushi.

Ka gaida mini uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka.