A Ware Wa Masu Keke Layi a Gaɓar Kogi da Gadojin Yamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana a kan hawan keke a gaɓar Kogin Kwara a Yamai da tsaunukan da ke hayin kogi. Matasa suna ta fitowa da kekuna da sanyin safiya, abin ya faranta mana rai, amma da yawansu suna komowa da keke a hannu suna turawa, wasu da ƙuje a gwiwa, saboda sun ɗauka hanyar duk iri ɗaya ce.

Titin gaɓa da ake kira Corniche, ta wajen Yantala da ta wajen Gamkalle, shimfiɗe yake ba hawa mai wahala, kuma lambuna da inuwar bishiyoyi suna rage zafi. Nan ya kamata sabon hannu ya fara. Wanda ya ƙetare gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ko gadar da Sinawa suka gina aka buɗe a 2011, ya faɗa Harobanda, wato ɓangaren birnin da ke hayin kogi, daga can kuma ƙasa ta sauya: marmara, tsakuwa, da yashin ƙoramu, har zuwa gindin tsaunukan nan masu shafaffen kai da ake kira Trois Sœurs.

A fara da taya, don nan ne yawancin tafiya take lalacewa. Siririyar tayar keken tsere ba ta da aiki a hayin kogi. A nemi taya mai faɗin inci 2 ko kusa da haka, mai manyan zane masu kama ƙasa. A kan kwalta a ba ta iska kamar bar 3 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). In za a sauka kan marmara a rage zuwa wajen bar 2 da ɗan kai, domin ta kama ƙasa ta daina tsalle. Amma kada a wuce gona da iri: iska in ta yi kaɗan, da an daki dutse ƙarfen gargare yake matse tiyub, sai ka ga huda biyu a jere kamar saran maciji. Wannan ba aikin ƙaya ba ne, ƙarancin iska ne.

Ƙayar kuwa tana nan, tsidau a gefen hanya da ƙayar aduwa a ƙarƙashin bishiya, kuma mai faci ba ya bin ka daji. Kowa ya riƙe tiyub ɗaya na sauyi, famfo, faci, sholisho, da ƙarafa biyu na ɓare taya. Kuskuren da muke yawan gani shi ne mutum ya sa sabon tiyub bai lalubi cikin tayar da yatsa ba, ƙayar na nan a maƙale, kafin ya yi mita 100 ta sake hudawa. Wajen faci kuma a goge wurin ya yi kaushi, a shafa sholisho kaɗan, a jira kamar minti 5 har ya daina sheƙi, sannan a manna. Facin da aka manna a kan ɗanyen sholisho ba ya kwana.

Wajen hawa, a sauya giya tun kafin a kai gindin tudu: sarƙa a kan ƙaramin faranti na gaba, babban haƙori a baya. Mai jira sai ƙafa ta yi nauyi sannan ya sauya yana danna feda da ƙarfi, shi ne sarƙarsa take zamewa ko ta tsinke. A zauna a kan sirdi, domin da ka miƙe tsaye a kan tsakuwa tayar baya ta rasa nauyi ta yi ta juyi a banza. Gangara ta fi hawa haɗari. A ja jiki baya, a kama birki biyu a tare a hankali, a rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba. Birkin gaba kaɗai a kan tsakuwa kayar da mutum yake yi. In tsagar da ke jikin robar birki ta shafe, robar ta ƙare, a sauya.

Baƙin man mota da ake laftawa sarƙa yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙora. A goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, a sake gogewa.

Sai lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, don haka a fita bayan sallar asuba a dawo kafin ƙarfe 9, da ruwa aƙalla lita ɗaya ga kowace awa. A tuna kuma kogin nan sau biyu yake cika a shekara: da damina wajen Agusta da Satumba, kamar yadda aka gani a 2020 da ruwa ya fasa madatsar unguwar Lamorde, sai kuma wajen Janairu da ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gini ya iso, sama ba ko gajimare amma 'yan hanyoyin lambu na bakin ruwa sun nutse. Akwai dorina a kogin, kada a ratsa bakin ruwa da duhu. Ta wajen tsaunuka a tafi a ƙungiya, da katin shaida, kuma kada a miƙe hanyar garin Torodi saboda halin tsaro.

Roƙonmu ga hukumomin birni shi ne a ja layin fenti mai faɗin aƙalla mita ɗaya da rabi domin kekuna a titin gaɓa da bakin gadoji, a kafa alluna, a kuma riƙa kwashe yashin da ruwa ke tarawa a gefen kwalta. Wannan yashin ne yake tilasta wa yaro mai keke fitowa tsakiyar titi, gaban motoci da babura.

Wassalam.

Wasu masu hawan keke,
Yamai