Zuwa ga ƙanwata da ta tambaye ni batun takardar semina

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Ranar Asabar, a taron ɗaliban kwamfuta da muka yi a nan Kano, kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni yadda za ki rubuta takardar semina alhali kwas ɗin ilimin ɓoye bayanai da na tsaron kwamfuta sun cinye miki dare da rana. Kin ƙara da cewa kina tunanin ƙirƙiro naki tsarin ɓoye saƙo, ki yi rubutun a kansa. Kiran sallar la'asar ya katse mu. Tun a Adaidaita Sahu, daga Kabuga har gida, abin yake cina a rai, don na san amsar da na ba ki ba ta isa ba.

Batun ƙirƙiro naki tsarin, don Allah ki ajiye shi tukuna. Ba raina ƙwaƙwalwarki na yi ba. A wannan fanni ba a yarda da tsari sai ya sha duka a hannun masana shekara da shekaru bai faɗi ba. AES, tsarin ɓoye bayanai da kike karantawa yanzu, gasa Amurka ta buɗe a 1997, tsari 15 suka shiga, aka yi ta neman lagonsu kafin na wasu masana biyu 'yan Beljiyam ya zama ma'auni a 2001. MD5 kuwa, wani tsarin tantance ko an taɓa bayanai, an daɗe ana dogaro da shi, sai a 2004 Wang Xiaoyun da abokan aikinta a ƙasar Sin suka nuna ɓarakarsa. Zangon karatu ɗaya ba zai ishe ki ki gina, ki kuma gwada ba.

Abin da nake so ki gane shi ne, takardar da kwas ɗin ba kishiyoyi ba ne. Suna zama kaya biyu ne idan kin je nesa neman batu. Ni haka na yi a lokacina. Na ɗauko "Tsaron intanet a Najeriya", na yi makonni ina tara bayanai a filashi, ban iya rubuta shafi ɗaya mai kai da gindi ba. Malamin da ke duba ni ya ja jan biro a ƙarƙashin kanun ya ce, "Ina tambayar?" Ba ni da ita. Na yi asarar lokacin da ya kamata in ba jarrabawa.

Ga tambayar da zan so in ga wani ɗan Kano ya ɗauka. A ƙarni na 9, a Bagadaza, masani Balarabe al-Kindi ya bayyana cewa kowane harshe yana da haruffan da suka fi yawan fitowa, don haka saƙon da aka musanya haruffansa yana tona kansa idan aka ƙirga. A Turanci harafin e ne kan gaba. A Hausa fa? Ɗauki shafin jarida ki ƙirga da fensir, za ki ga yadda a ta yi wa sauran fintinkau. To, haruffa nawa ake buƙata kafin ɓoyayyen saƙon Hausa ya buɗe ta wannan hanya? Kuma me ke canzawa idan an zubar da lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, yadda muke yi a WhatsApp? Yaya za ki ƙirga sh da ts, harafi ɗaya ko biyu? 'Yan layuka a Python, yaren rubuta manhaja, sun isa. Kina rubuta takardarki, kina kuma bitar darasin da za a tambaye ki a jarrabawa.

Ko da wani batun kika zaɓa, kada ki rubuta abin da hannunki bai taɓa ba. Idan RSA ne, tsarin ɓoye saƙo mai mabuɗi biyu, zauna da biro: ninka 3 da 11, su ba ki 33, mabuɗin fili na ɓoyewa 3, na sirri na buɗewa 7. Ɓoye 4, wato 4×4×4 = 64, ki raba da 33 ki ɗauki ragowar, ta koma 31. Buɗe ta haka nan da mabuɗin sirri 7, ta dawo 4. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba ya rawar murya ranar gabatarwa. Ki kuma nemi takardar masana Diffie da Hellman ta 1976 kan ɓoye saƙo da mabuɗin fili ki karanta da kanki, hanawut bai wadatar ba. Duk abin da kika ɗauko, rubuta inda kika samo shi nan take.

Gwajin kutse kuwa, a kan kwamfutarki kaɗai. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, ko da da sunan bincike ne. Kuma kin san halin wutarmu, kullum ki tura wa kanki kwafi ta imel kafin ki kwanta.

Ki rubuta tambayarki a jimla ɗaya, ki kai wa malaminki a wannan makon kafin ki fara babin farko. Idan kin zaɓi ta haruffan Hausa, ina da tsofaffin jaridu a gida, zan kawo miki a taro na gaba in sha Allah.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanki.