Wasiƙar godiya ga ma'aikatan layin agajin tsofaffin sojojin Amurka

Zuwa ga ma'aikatan Veterans Crisis Line,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a, don 'yan'uwanmu mazauna Amurka masu yara a aikin soja su san kuna nan.

Ƙanena ya yi aiki a Afganistan, ya ajiye kaki bai kai shekara talatin ba. A ido lafiyarsa ƙalau. Amma barci ya ƙaurace masa, ya daina ɗaga waya, ya fara rabar da kayansa. Daren da ya ce mini, "Yaya, da ba na nan da kun huta," na buga lambarku, 988, na danna 1. Ni na kira, ba shi ba, kuma ba ku ce sai shi ba.

Matar da ta ɗauka ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta kuma gaggauta ni ba. Ta ce in tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Gabana ya faɗi, domin mu an raine mu da kauce wa irin wannan magana. Ta nuna mini cewa tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, ƙofa take buɗe masa. Haka kuwa aka yi.

Sai ta tambayi ko akwai bindiga a gidan. A nan na fi jinjina muku. Tsofaffin sojojin Amurka fiye da 6,000 ne ke hallaka kansu kowace shekara, kusan bakwai cikin goma da bindiga, kuma 'yan shekara 18 zuwa 34 sun fi shiga haɗarin. Sau da yawa wannan ƙuncin na ɗan lokaci ne. Idan makamin ya yi nisa da hannu, sai a samu sararin kai mutum asibiti. Ba ku ce a ƙwace masa ba, wanda na san ba zai yarda ba. Da yardarsa aka kulle bindigar, abokinsa ya riƙe makullin.

Daga baya jami'in asibitin tsofaffin sojoji ya neme shi, yanzu yana ganin likita. Tun Janairun 2023 ma kyauta ake yin jinyar gaggawa ta masu tunanin kashe kansu ga tsofaffin sojojin da suka cancanta.

Wanda magana ta yi masa nauyi yana iya tura saƙo zuwa 838255, dare ko rana.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku haƙuri.

Taku,
Yayar wani tsohon soja